Jakunkunan da Taubashina Ya Juye

Duk wanda ya ce ba a fushi da taubashi, bai taɓa haɗa jini da ɗan kawuna ba.

Shekarar da aka rufe boda ina karatun ilimin duwatsu, kuma aikina na digiri na biyu ya kai ni can wajen Tawa a Nijar, gindin wani tsauni da ruwa ya zaftare. A zamanin da, teku ne a wurin. Ƙananan halittun da ke yawo a ruwansa, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, sukan mutu su kwanta a ƙasa, laka ta rufe su, wasu su sake kwantawa a kai. Kowane zamani da irin nasa. Idan ka san wace halitta ke cikin wane sashe na dutsen, ka san shekarunsa. Don haka na bi tsaunin daga gindi zuwa sama ina farfasa, kowane sashe da ƴar jakarsa ta yadi da lambarta. Tafin hannuna har ya yi kanta.

Da muka iso Jibiya mota ba ta ƙetarawa, a kan babura aka shigo mini da kwalayen da na zuba jakunkunan a ciki. Na rasa motar da za ta kwashe su, sai na ajiye a siton ɗan kawun nawa da ke zauren gidan Kawu, inda yake tara irin shuka na sayarwa: gero, maiwa, dawa, wake. Na yi masa bayani har bakina ya bushe. Ya ce, "Teku a Tawa? Wanga boko ya taɓa miki kai, baiwata."

Bayan ruwa ya sauka na dawo da mota. Na tarar da buhu guda a kusurwa, cike da tsakuwa da garin dutse. Jakunkunana kuwa ya aune iri a ciki ya sayar wa manoman Riko da Gangara.

"Mi ya yi zahi?" in ji shi, yana dariya. "Ga kayanki nan, ko ƙwara ban taɓa ba."

Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa. Na gindi ya haɗu da na sama, shekaru miliyoyi sun cakuɗe kamar fate. Na kai ƙara wurin Inna, mahaifiyata, ta ce, "Ke ma dai! Taubashinki ne fa. Wasa ne." Kawu ma ya ce wasa ne. To, na ce a raina, ni ma na iya wasa.

Shekara guda na yi ina dafa shi a ciki. Na bari sai da bazara ta zo, sito ya cika taf, manoma sun fara zuwa tambayar iri. Ranar Juma'a, maza suna masallaci, na shiga da wuƙar yankan kuɓewa. Na farke buhunan ɗaya bayan ɗaya, na sa shebur na juya, na sake juyawa, har gumi ya jiƙa mayafina. Wallahi ban taɓa jin daɗin aiki irin na ranar ba. Ya dawo tare da Kawu ya same ni zaune a kan tulin ina cin gyaɗa. Ya ɗaga hannu, ya dubi Kawu, ya sauke. Taubashiya ce.

Sai dai matansa da maƙwabta suka zauna da rariya da faifai, kafin Juma'a ta zagayo sun ware abin da zai waru, sauran ya sayar wa masu kaji. Ni kuwa hanyar tsaunin ta lalace da rashin tsaro, malamina ya ce in sake wani aikin daga farko, ban kuma iya ba. Digirin ya tafi ke nan.

Yanzu idan mun haɗu a biki yakan gaishe ni, ina amsawa. Ina amsawa ne don Inna tana raye, shi ma ya san haka.