Layar da ke bayan gitata

Shekarun baya, lokacin ina kaɗa gitar bas a wata 'yar orkes, wato ƙungiyar makaɗan biki, a Gazawa, saura ƙiris a kore ni saboda wata 'yar fata da ko tafin hannu ba ta cika ba.

Gitar gwanjo ce, daga tsallaken iyaka aka kawo mini ita. Murya gare ta, masha Allah, amma tana da hali mai ban haushi. Wuyanta dogo, kanta da nauyi, jikin kuwa shafal. Da na rataya ta na saki hannun hagu, sai kan ya sulale ya nufi ƙasa. 'Yan orkes su ce, "Ga mai ladabi nan za ta gaishe mu." Su dariya suke yi, ni kafaɗata ke ji a jika. Hannun da ya kamata ya yi yawo a kan tsirkiya shi ke tallabe da wuya, kafin a tashi biki ya sage.

Na fara da sauya maratayi. Na da mai santsi ne, sai baduku ya yanka mini faffaɗar fata, ya bar cikinta da kaushi don ta kama riga. An samu sauƙi, amma gaisuwar ba ta daina ba. Sai na tuna yadda ake yi wa kayan jaki: in ya rinjaya gefe guda, a ƙara wa ɗayan nauyi. Na je wurin mai gyaran moto, wato babur, na tsinto tsofaffin notuna, muka koma wurin baduku ni da abokina mai kaɗa mana ganga. Na ce wa badukun ya ɗinke mini su a fata. Shi kuwa bawan Allah ɗinki ɗaya hannunsa ya sani: jar fata, kusurwa huɗu, da 'yar kafar ratayawa. Ni da wautata, murna ta hana ni ganin abin da ya yi kama da shi.

Na ɗaura a ƙarshen maratayi ta baya, gita ta tsaya cak. Kai, ranar har rawa na taka ina kiɗa!

Ana haka muka je biki Agiye. Tsakiyar waƙa muryar mawaƙinmu ta dishe, ya buɗe baki sai iska. Da yake ni ke yi masa amshi, shef, wato shugabanmu, ya yi mini alama in ƙarasa. Na ƙarasa, mata suka yi guɗa. Ashe guɗar nan ce za ta ja mini.

Muka dawo gida murya ba ta dawo ba. Sai na fara lura da abubuwa. In na iso fada wurin shan shayi, hira ta mutu. In na miƙa wa mawaƙin kofi, ya ce ya ƙoshi. In muna gwaji, ya zagaya ya tsaya nesa da ni, idonsa na kan ƙuguna. Ni ma zargi ya shige ni, kowa na gani sai in ce shi ke kai maganata, har gaisuwar mutane nake aunawa.

Wata la'asar shef ya tsayar da gwaji. Ya nuna bayana ya ce, "Ƙanena, wanga abu da ka rataya, mi ne ne?"

Na ce, "Nauyi ne, yaya. Don kada kan gita ya faɗi."

Mawaƙin ya ce da 'yar muryar da ta rage masa, "Nauyi a jar fata? Tun da ka sa shi makogwarona ya kulle."

Sai a lokacin na dubi fatar da irin idon da suke kallonta. Wallahi laya ce sak! Gabana ya faɗi, don na san in shef ya yarda na ɗaure muryar mutum don in gaji wurinsa, ba orkes kaɗai zan rasa ba. Babu mai sake kirana biki daga nan har Maradi.

Na juya wurin abokina na ce, "Kai ka faɗa musu, ai tare muka je."

Ya sunkuyar da kai yana murza sandar ganga. Ya ce, "Ni dai na ga an ɗinke. Ban ga abin da aka sa ciki ba."

Mutumin da a aljihunsa ya riƙo mini notunan! Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a ba ni reza. Na farke ɗinkin a gabansu, notuna suka zubo kan tabarma da tsatsarsu. Ina sakin hannu, gita ta sunkuya, kanta ya doki butar shayi ta kife.

Wasu suka fashe da dariya, har da shef. Mawaƙin bai yi ba. Ya tsura wa notunan ido ya ce, "To, ai da ƙarfe ma ana yi."

Shef ya yanke hukunci: in zauna a orkes, amma kada ya sake ganin wani abu a ɗinke a jikina. Daga baya kafinta ya matsar mini da ƙusar maratayi zuwa gindin wuya, gitar ta daidaita ba tare da komai ba.

Abin takaicin, bayan 'yan kwanaki muryar mawaƙin ta dawo tangaran. Ni na san mura ce da ruwan ƙanƙarar da yake ɗurawa cikin zafi. Su kuwa suka ce, "Ka gani ko? Ana farkewa ta saki."

Abin da na koya shi ne, mai zarginka ko ka buɗe masa ciki ya duba, abin da ya zo nema shi zai gani. Abokina tsoro ne ya kama shi kada a haɗa da shi, na gane hakan, na kuma yafe masa, sai dai tun ranar ban ƙara ce masa ya raka ni ko'ina ba. Mawaƙin kuwa yanzu duk mun yi furfura, muna gaisawa da fara'a in mun haɗu a kasuwa. Amma har yau, da na ce masa, "Yaya murya?" sai in ga ya dafa makogwaro, leɓensa na motsi a hankali yana neman tsari.