Murjanin Mai Luks

Ku da kuka san Kawu Lawali kun san ba ya shiga gida ya fara da gaisuwa. Sai ya ɗaga ɗan akwatin nan da ke rataye a wuyansa, ya duba lamba, sannan a gaisa. Abin auna haske ne, awonsa ake kira luks, shi ya sa unguwar Zango kaf ake ce masa Mai Luks. Ranar da ya je ta'aziyyar wani maƙwabci, yana shiga zaure ya ɗaga abinsa ya ce, "Luks talatin! Wallahi inda kuka kai shi ya fi nan haske." In an yi masa magana, amsarsa ɗaya ce: "Ido ba ma'auni ba ne."

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, na koma gidansa bayan rasuwar matarsa, Inna Hajara. Abin da ta bari a duniya bai wuce sarƙar murjaninta ja ba. Shi kuwa Kawu ya yi aikin wutar lantarki a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, can ya ji cewa murjani abu ne mai rai. Ya sha yi mata alkawarin zai nuna mata rayayye, har ta rasu bai nuna ba. Wata uku da rasuwarta ya haɗa akwatin gilashi na kiwon halittun teku a tsakar ɗaki. Teku a Damagaram, jama'a! Garin da famfo ke kwana biyar bai ɗiga ba.

Wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya fara kawo masa ɗan kifin teku shuɗi. Kawu ya ce ba zai sayi gishirin Turawa ba alhali ga na Balma a kasuwa. Ya daka, ya dama, ya saka kifi. Kafin la'asar kifi ya juya ciki sama. Na ɗauko tsintsiya, ya daka min tsawa.

"Barira! Kifin da ya taso tun daga Kwatano za ki ba kaji? Ɗora mai."

Loma ɗaya ya yi da shi, ya ce gishiri ya ji.

Daga baya ya saduda ya aika aka kawo gishirin teku, tare da wani ɗan reshe ja mai kamar citta. Wannan ne murjanin. Ya tsinto matattun tocila ya ciccire ƙananan ampul ɗinsu, ya haɗa da shuɗayen da 'yan kabu-kabu ke yi wa babur ado da su, ya jera a bayan tsohon faranti, ya rataye bisa ruwan. Ya ce abin luks dubu goma yake so, ba ƙari ba ragi. Kullum da hantsi yana tsaye yana ɗaga faranti yana saukewa da igiya. Lokacin zafi, in kuran ya ɗauke, ba wutar lantarki, fanka ɗaya da batir ke iya juyawa ruwan ake kunna wa. Na ce, "Kawu, mu fa?" Ya ce, "Ke a nan aka haife ki. Shi baƙo ne."

Kuma abin ya rayu! Shekara biyu, har ya yi sabon reshe.

Sai wata rana ya miƙo min ma'aunin ya ce in karanta masa, wai lambobin sun ƙanƙance. Na ce dubu goma cif. Ya ce ƙarya ne, ɗakin nan duhu. Ya ƙara ampul shida. Sati na zagayowa na ce dubu goma sha takwas, ya ce batirin abin ya mutu, ya ƙara goma. Ɗaki ya koma ba ka iya buɗe ido, shi yana lalube yana tuntuɓe da buta.

Na ce, "Kawu, ba kai ka ce ido ba ma'auni ba ne? Mu je likita."

Ya ce, "Idon wasu nake nufi."

Na taɓa cire waya biyu a ɓoye. Ya shafa da hannu ya gane, kwana uku bai ci abincina ba. Na ji tsoro na bari, kuma har yau ina jin haushin kaina. Ina kallo hasken ya ƙone murjanin, ya koɗe ya zama fari fat kamar ƙashi.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya sa na jawo gadonsa kusa da gilashin. Ya ɗaure sarƙar Inna Hajara a hannu. Ya ce, "Barira, yaya launinsa yau?"

Na ce, "Ja ne, Kawu. Kamar na Inna."

Ya shafa sarƙar. Can ya ce, "Ruwan nan ya daina warin rai tun watan jiya. Idona ne ya mutu, ba hancina ba." Ya ciro ma'aunin daga wuyansa ya ɗora min a tafi. "Kashe fitilar, ɗiyata. Na dame shi."

Kwana tara ya ƙara. Ma'aunin yana nan a akwatina, ban sake kunna shi ba.

Allah ya jiƙan Kawu Lawali, ya haɗa shi da Hajararsa. Allah ya haskaka makwancinsa, hasken da zai gani da idonsa ya ce ya isa.