Sabuwar Salansar Na'Allah

A shekarun da kuɗin mai suka shigo, motoci suka cika kwaltar Kano zuwa Daura, babu wanda bai san a-kori-kurar Na'Allah ba a tashar Kazaure. Fijo ce fara, tana jigilar 'yan kasuwa zuwa Roni da Gwiwa. Tun ranar da dutse ya tsinke mata salansa bai mayar ba, wai mota mai lafiya ba ta ɓoye muryarta. In ta taso, har awaki sai sun watse. Shi kuwa gogan naka hula a karkace, hannu a taga, ko a jikinsa.

Sannu a hankali ƙorafi ya yi yawa. Fasinjan baya zai yi ta ihun "Akwai sauka!" yana dukan rufin mota, Na'Allah ya wuce abinsa. Ranar da ya zarce da wata tsohuwa har Gwiwa, alhali ƙauyensu na rabin hanya, sarkin tasha Baba Kura ya kira shi.

"Na'Allah, ka sake wucewa da wani, ba ka da layi a tashar nan."

"Ranka ya daɗe, ƙarar motar ce. Gobe-goben nan zan kashe maganar."

Ya je Kano ya sayo salansa, ba ta kamfani ba, wata ƙatuwa mai ciki kamar tulu. Haladu mai walda ya shiga ƙarƙashin motar, ya yanke ruɓaɓɓen bututun, ya liƙa sabuwar, ya ɗaure ta tamau. Suka hau kwalta don gwaji.

Mota ta yi luf. Daɗi ya kama Na'Allah, ya waiga zai yaba wa Haladu, sai ya ga bakinsa yana ta motsi, jijiyar wuya a tashe, amma abin da ke iso masa bai fi raɗa ba. Ya gangara gefen titi ya tsaya. Wata babbar mota ta wuce, iskarta ta girgiza su, ƙararta kuwa kamar daga bayan duwatsu. Ashe ba motar kaɗai ce ta yi shiru ba, shekarun rurin nan sun cinye masa kunne.

A gida ya zaunar da matarsa Ma'u.

"Ni na ɗauka kin rage surutu ne."

Ta matso dab da kunnensa, idonta ya kawo ruwa. "Ban rage ba, Maigida. Kai ne ka daina amsawa."

Wannan magana ta fi komai yi masa ciwo. Amma Na'Allah ba mutumin zaman tagumi ba ne. Da safe ya tafi tasha da igiyar guga, ya tsaya gaban Baba Kura da sauran direbobi.

"Ranka ya daɗe, na ɗora wa mota laifin da ba nata ba. Kunne ya tafi, amma ido da hannu suna nan."

Ya ɗaura igiyar a damtsensa, ya zura ɗaya bakin ta tagar baya, ya ce duk mai sauka ya ja. Aka bushe da dariya, wani ya ce yau ga direba da linzami. Baba Kura bai yi dariya ba. Ya tattare rigarsa ya hau baya da kansa, suka fita. Duk sanda ya ja, sai mota ta tsaya cak. Da suka dawo ya ce a bar masa layinsa.

Haka ya ci gaba da tuƙi har furfura ta rufe shi, bai ƙara wucewa da kowa ba. Mata suka fi son motarsa, don ana hira a baya, jarirai suna barci. Kullum sai wani ya leƙo ta taga ya ɗaga murya: "Direba, motar nan taka ba ta da ƙara ko kaɗan!"

Na'Allah yakan kalli bakin mai maganar, ya yi murmushi, ya ce, "Tunda kun faɗa."