To Ɗin Inna

Ni ɗan fari ne, kuma a Kebbe ta lokacinmu wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, ba ta yaba shi a gaban mutane. Kunya ake ce wa abin. Wasu matan kan sassauta idan yaro ya girma, amma Inna, wadda Bafillatana ta haifa, ta riƙe tata da hannu biyu. Da aka yaye ni sai gwaggona, ƙanwar babana, ta ɗauke ni, ɗakinta kuwa danga kawai ta raba shi da na Inna. Haka na tashi ina ganin uwata kullum, ina jin muryarta tun safe har magariba, amma rabona cikin duk maganarta kalma ɗaya ce tak. In na gaishe ta, ta ce to. In na ce an aiko ni, to. Ranar da na faɗo daga kan tsamiya na karya hannu, ta zo ta tsaya bakin ƙofa, ta dubi mai ɗori, ta dubi bango, ta ce to, ta koma bakin murhunta.

Abin haushin shi ne Inna ba mai rowar magana ba ce. Babana mai saukar da fatake ne, zaurenmu ba ya rabuwa da baƙi: Zabarmawa masu jakunan gishiri, Yarbawa mata masu atamfa da tasoshi, Dakarkari, Fulani masu neman kanwar shanu. Inna ke dafa musu, kuma bakinta ya riƙa kwasar harsuna yadda zane ke kwasar ƙarangiya. Ta yi ciniki da Zabarmanci, ta yi tsiya da Yarbanci har matan su riƙe ciki don dariya, ta juya ta yi wa ƙannena faɗa da Hausa. Kowa na da kaso. Ni kaɗai aka ware wa tsintsiya ɗaya daga cikin dami.

Wanda aka ba abu kaɗan yakan san shi ciki da waje. Na san to ɗin Inna fiye da yadda na san allona. Akwai gajera mai nufin na ji, tashi ka ba ni wuri. Akwai wadda take ja har ta lanƙwasa, wadda ke nufin za ka gamu da babanka. Akwai wata can ƙasan maƙoshi da na ji ranar da na sauke karatu, na kwana uku ina juya ta a raina don daɗi.

Ana nan sai kunnena ya fara tsintar kalmar a bakin baƙi. Bazabarme ya ɗura gishiri a taiki har baki, ya buge shi da tafin hannu ya ce “a to”, wai ya cika. Ɗan'uwansa ya sauke kaya a ƙofar zaurenmu bayan doguwar tafiya, ya miƙe baya, shi ma ita ya faɗa, wai an iso. Bayarbiya kuwa, Inna na zuba mata miya, ta tare kwano da hannu tana “o to, o to”, wai ya isa haka. Har Baturen da yakan zo rangadi ya aro tamu yana yawo da ita, shi a zatonsa duk wanda ya ce masa to ya yarda ke nan, bai san dattawanmu da ita suke sallamar maganar da ba za su yi aiki da ita ba. Abin ya riƙa ɗaure mini kai. Mutanen da ba su haɗa kaka ba, ba su haɗa gari ba, wani ma ba ya jin gaisuwar wani, ga su duk sun tarar da kansu a kan 'yar kalmar da ba ta kai tari tsawo ba, kowa ya ɗora mata nasa kayan, ita kuma ta ɗauka ba ta rankwafa ba. An ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. To waɗannan fa, wa ya raba musu kuka ɗaya? Har yau in na tuna sai na ce Allah mai iko.

Na yi elementare a Tambuwal, daga baya En'e ta ɗauke ni malamin dabbobi. Aikinmu bin rugage da keke muna yi wa shanu allurar ciwon bushiya. Bafillace ba ya sakar maka garkensa da Hausa, don yana zaton ƙirgar jangali ka zo yi, saboda haka dole ta sa na koyi Fulatanci a dajin Dogon Daji da Sanyinna, ana yi mini dariya har bakina ya faɗa. A lokacin babana ya rasu, fatake sun daina sauka gidanmu, Inna ta koma sayar da gishiri da kanwa a kasuwar Kebbe.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka ce an zaɓe ni in tafi ƙarin karatu can ƙasar Jos, kuma in na gama ana iya jefa ni ko'ina cikin Jihar Arewa, ko Barno ko Adamawa. Ina son tafiyar kamar raina. Amma Inna ta fara tsufa, kuma ni ban yarda in sa ƙafa a mota ba tare da na san da yardarta na tafi ba. Na ƙudurta cewa in ba ta so, zan mayar musu da abinsu in ci gaba da bin rugage.

Na hau keke na zo Kebbe ana gobe kasuwa. Magana irin wannan ba a kai wa uwa ita kai tsaye, don haka na faɗa wa gwaggo, gwaggo ta ja ni har ƙofar ɗakin Inna, na tsuguna a gefe.

“Yaya,” in ji gwaggo, “wanga yaro anka ce za a kai shi karatu nesa, kuma ba a san ran dawowa ba. Shina son jin ta bakinki.”

Inna na tsince shinkafa a faifai. Ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, “To.”

Na kasa kunne yadda na saba, na auna ta ta kowane gefe. Wannan ban taɓa jin irinta ba. Ba gajera ba ce, ba doguwa ba, ba daɗi, ba ɓacin rai, sumul kamar ƙwai. Na jira ko za a ƙara, sai ƙarar shinkafa a faifai.

Muna komawa bayan danga na fashe. Na ce wa gwaggo wace irin al'ada ce wannan da za ta sa mace ta yi wa mai jakin gishiri hirar yini guda, ta kasa yi wa ɗan cikinta jimla ɗaya? Na ce ko akuya tana yi wa ɗanta kuka. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Gwaggo ta yi dariya. “Kai dai da zuciya kamar ubanka. Mi kaka so ta ce? Ta tashi ta yi maka guɗa? Ni to naj ji, kai ma ita kaj ji.”

“Gwaggo, to ɗin tafi, ko to ɗin zamna?”

“Wanga kuma ɗan boko za a tambaya.”

Washegari na tafi kasuwa da niyyar in yi mata sallama in koma Tambuwal in ce na fasa. Na iske ta a rumfarta, na gaishe ta, na sami abin da na saba samu, na zauna kan wani dutse a bayanta. Can sai ga wata tsohuwar Bafillatana, ƙawarta ta ciniki, ta sauke ƙwaryar nono ta tsuguna. Suka gaisa da Fulatanci. Tsohuwar ta ƙare mini kallo ta ce ai wannan ne ya yi wa shanunsu allura bara, na wane ne?

“Na gwaggonai ne,” in ji Inna. Ta fasa wani dunƙulen kanwa. “Ni dai nah haife shi. Tafiya za ya yi nesa.”

Tsohuwar ta dafa mata gwiwa ta rage murya. “Yi a hankali, shina jin Fulatanci kamar ɗan ruga.”

Inna ta ci gaba da fasa kanwa. “Ai ni da ke nika magana.”

Sai ta fara. A bakin Bafillace, to na nufin idan. Bahaushe da ita yake rufe magana, Bafillace kuwa da ita yake buɗewa. Ina zaune kan dutsen nan na ji kalmar da aka yi ta rufe mini ƙofa da ita tun ina yaye tana fitowa daga bakin uwata, kowace da jimla a bayanta.

Da Hausar gida, ga abin da ta faɗa wa ƙawarta. Idan ya tafi, ya san wake ba ya yi mai, tun shina jinjiri in na ci, shi ka kwana kuka. Idan damana ta faɗi ya rufe ƙirjinai, don tari shika yi da ruwan farko, ina jin shi ta danga. Idan babba na magana ya bari a kai aya, don shina da gaggawar baki. Idan anka ce mai na kwanta ciwo, kada ya yada aikin mutane ya taho, akwai masu ba ni ruwa.

Tsohuwar ta ce, “Ke kau kina so shi tafi?”

Inna ta daɗe tana juya dunƙulen kanwa a hannu.

“Ba ni so,” ta ce. “Amma idan yaƙ ƙi tafiya don ni, ban yafe ba. Idan kuma yad dawo bai ishe ni ba, babu komi tsakaninmu, na yafe mai tun ran da anka aza min shi ga cinya.”

Hawaye suka zubo mini, ga kaki a jikina, ga mutane na wucewa. Na so in faɗi gabanta in kama ƙafarta, amma kunyar nan da na zaga jiya ashe ni ma ta ɗaure ni. Na juya wajen tsohuwar na ce da Fulatanci, “Baba, ki ce mata na ji.”

Tsohuwar ta dube ni, ta dubi Inna. “Jaki kunka mai da ni, in ɗauki kaya tsakanin mutum biyu da ke rumfa guda?” Amma ta juya ta faɗa mata, kalma bayan kalma, kamar daga wani gari ta kawo saƙon. Inna ta yi ta zuba wa matar kanwa a ƙwarya har ta cika tana zubewa ƙasa, sai da tsohuwar ta riƙe mata hannu.

Na tafi. Ina can damina ta biyu aka aiko cewa ba ta da lafiya, na tsaya kan aikin mutane yadda ta ce, kafin hutu ya zo an riga an kai ta makwancinta. Na yi kuka, amma ban yi na da-na-sani ba, domin ta riga ta sallame ni da bakinta. Duk hirar da na taɓa yi da uwata ke nan, ita ma da wata aka yi ta.