Bencin Dattawa a Ƙofar Makaranta

Akwai ranar da har yau ba ta fita daga raina ba a aikin nan namu, ranar da aka fara kafa rumfar zaɓe a makarantarmu. Ku da kuka shigo aikin shara da riƙon makulli a bayana, ku buɗe kunne. Yanzu firamare da yawa tsakanin Anka da Gummi rumfunan zaɓe ne, kuma in ranar ta zo, ku ake fara nema kafin a nemi hedimasta.

Ni mai shara ce a firamaren wani ƙauye a ƙasar Bukkuyum, ƙarƙashin sashen ilimi na ƙaramar hukuma. Babu matakin da ke ƙasa da nawa, amma makullan azuzuwa da na ƙofar shiga duk a hannuna suke, saboda gidana yana jikin katanga, malamai kuwa daga gari suke zuwa.

A da, rumfa ɗaya gare mu, a ƙofar gidan mai gari. Fili ne buɗaɗɗe, ta ko'ina ana shigowa. Maza su biyo ta gaba, mata su ɓullo ta lungun bayan gidaje, kowa ya yi abin da ya kawo shi ya koma. Daga baya hukumar zaɓe ta sake tsari. Ni ban yi boko ba, amma hedimasta ya yi mini bayani na riƙe. Na ɗaya, ba a son rumfa a gidan sarauta, ko masallaci, ko gidan wani mutum, sai wurin da yake na kowa. Na biyu, in mutanen rumfa suka yi yawa, sai a raba ta. To, tamu aka raba. Mutanen cikin gari aka kai su bakin kasuwa. Mutanen tungaye da rugage na hayin fadama aka ba su sabuwa a makarantarmu. Kuma inda aka rubuta ka, nan kaɗai za ka jefa ƙuri'a, ko da wata rumfar tana ƙofar ɗakinka.

Makarantarmu an zagaye ta da katanga saboda halin da ake ciki na rashin tsaro. Ƙofa ɗaya ce tak, ba ta da faɗi, kuma a bakinta akwai dalbejiya, ita ce kaɗai inuwar kirki a wurin.

Da hantsi ma'aikata suka iso. Shugaban rumfar wani matashi ne daga Gummi, Malam Nasiru, mai ladabi, ya rusuna ya gaishe ni. Na fito musu da tebura, ya tsara wurin a tsakar fili: nan na'urar da ke duba fuska da yatsa, nan inda ake ba da takardar ƙuri'a, can wani ɗan keɓaɓɓen wuri inda mutum zai dangwala babu mai gani, sannan akwatuna a fili kowa na kallo. Wanda ya gama a shafa masa tawada a farce. Layin maza daban, na mata daban. Ya sanar da cewa tsofaffi da masu ciki da naƙasassu su za a fara sallama, kuma ƙarfe biyu da rabi ake rufe layi. Wanda ke kan layi a lokacin zai yi zaɓe ko yaushe aka kai, wanda ba ya kai kuwa ya rasa.

Haka aka yi. Dattawan tungaye da ardon ruga da mutanensa aka fara sallama. Doka ta yarda wanda ya jefa ƙuri'a ya ja gefe ya jira ƙirge, ga shi kuma an daɗe ana raɗe-raɗin cewa sabuwar rumfa an yi ta ne don a sauya akwati. Saboda haka babu wanda ya tafi. Aka ɗauko musu bencina, aka jera a ƙarƙashin dalbejiya, dama da hagu na ƙofa. Duk mai shiga sai ya ratsa ta tsakiyarsu.

Ni aikina ranar ido ne. Ina ta kallo, layin maza ya kai har jikin rijiya, na mata kuwa tsofaffi ne 'yan kaɗan da wasu 'yan mata. Na san matan hayi sun ce za su zo, don ni da bakina na bi su ranar kasuwa ina cewa rumfa ta matso kusa da su, kada wadda ta zauna. Na fara tunanin ko wani abu ya tare su a hanyar fadama, hanyar da ko maza ba sa binta sai a ayari.

Na yafa mayafi na zagaya ta wajen katanga. Sai ga su a bayan makaranta, cike da wuri, a tsugunne cikin rana, wasu da goyo. Dije, mai kawo mini nono daga ruga, ita ta taso.

Na ce, "Ke Dije, mi kuke yi nan? Ƙofa tana can."

Ta ce, "Mun gan ta, Inna Kulu."

"To, mi ya hana ku?"

Ta ja bakin mayafi ta rufe baki, ta karkata kai wajen dalbejiya. Nan na gane. An haɗa su rumfa ɗaya da surukansu, ga surukan sun zauna a ƙofa. Matar kirki a wurinmu ba ta ratsawa ta gaban uban mijinta, ko sunansa ba ta kamawa. In ta hango shi a hanya, gona take faɗawa. Balle a ce ta bi ta tsakanin gwiwoyinsu da takalmi a ƙafa.

Wata 'yar tunga, Hassi, ta ce da ni, "Inna, maigida ya ce don zaɓe ya bar ni in zo. In na koma babu tawada ga hannu, mi zan ce na tsaya yi tun safe?" Sauran ma duk tambayarsu ke nan. Ga shi dole su ƙetare fadama tun rana ba ta yi sanyi ba.

Na koma na ja Malam Nasiru gefe. Ban gama ba ya dafe kai, don shi ma ɗan ƙasa ne, ya san abin.

Ya ce, "Inna, bari in sa ɗan sanda ya ce su matsa."

Na ce, "Kul! Ɗan sanda ya tashi ardo a gaban jama'a saboda matan ɗiyansa? Gobe wace mace za ta iya zama a gidan?"

Ya ce to a yi haƙuri, azahar ta kusa, za su tafi masallaci. Na yarda, don ni ma na sa rai. Da aka kira salla, sai na ga ana miƙo butoci. A nan bakin ƙofa suka yi alwala, suka shimfiɗa rawuna da buhuna, suka ta da salla, sahu ya toshe hanyar gaba ɗaya. Suka sallame, suka koma kan benci da carbi a hannu. Babu wanda zai ɗaga daga ganin akwati.

Akwai wani wuri a bayan katanga da ruwan sama ya rusa, na cike shi da ƙaya. Na ce a janye ƙayar mata su shigo ta nan. Malam Nasiru ya ce ba zai iya shi kaɗai ba, sai wakilan jam'iyyu sun yarda. Ya kira su. Ɗaya daga cikinsu ya yi tsalle ya dire.

"Ƙofar baya ranar zaɓe? Dama mun sani! Wallahi aka taɓa ƙayar nan sai na tara muku gari."

Maza a layi suka fara waigowa, wasu suka fara matsowa. Malam Nasiru ya ɗaga waya sama yana neman na gaba da shi, babu sabis. Ya sassauta murya ya ce, "Inna, su yi layi a waje. In lokaci ya cika in sa ɗan sanda bayan ta ƙarshe, doka ta cika."

Na ce, "Sannan su shigo ta ina? Dattawa ba su tashi sai an yi ƙirge. Kai kuma ba ka ƙirge sai layi ya ƙare."

Inuwar katanga ta fara miƙewa gabas.

Saura hanya ɗaya, kuma tun ɗazu na san da ita, gudunta nake yi. Babban dattijon tungaye, Na-Allah, ɗan kawuna ne, wato taubashina. Tsakanina da shi wasa ne tun muna yara, duk abin da na faɗa masa ba ya zama rashin kunya. Amma a kusa da shi, a benci ɗaya, mijin 'yata Rabi ne ke zaune, ya rako mahaifinsa. Tun da ya auri 'yata ban taɓa tsayawa gabansa ba, bai taɓa jin na ɗaga murya ba. Abin da ya tsugunar da matan nan a rana, ni ma shi ya ɗaure ni.

Na sake leƙa bayan katanga. Wurin ya ragu. Dije ta ce 'yan tunga mai nisa sun tashi, sun ce ba su kai yamma a hanya. Har da Hassi.

Ban san lokacin da na dawo ƙofa ba. Na miƙe sosai na tunkari bencin. Mijin Rabi ya ɗago ya gan ni tafe kansa tsaye, ya zabura, ya bar takalmi ƙafa ɗaya ya yi bayan dalbejiya. Fuskata kamar an watsa mata barkono, amma na riga na iso.

Na ce, "Na-Allah, dasa ka anka yi nan? Ko saiwa ta fito maka?"

Ya yi dariya ya ce, "Ku ji baiwar gidanmu! An ba ta makulli ta zama gwamna. Tafi ki ɗebo muna ruwa."

"Ruwa sai wanda ya yi aiki. Kai da ka zo tsaron ƙuri'a, na tambaye ka, ƙuri'a nawa gidanka ya jefa?"

"Ni da ɗiyana duka."

"Awo. Matan ɗiyan naka fa? Ka ga wucewarsu?"

Dariyar ta tsaya. Ya dubi layin mata, ya dubi ƙofa, ya dubi ƙafafunsa da ya miƙe a kan hanya. Ardo da ke gefe ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Na san in Na-Allah ya ɗauki maganar da zafi, na ɓata wasa na ɓata zumunci, matan kuma sun rasa.

Can ya yi gyaran murya ya ce da sauran, "Wagga inuwa ta gudu, rana na cin ƙeyata. Ke baiwa, ba ki da ɗaki a gidan ga naki?"

Na ce akwai aji shida, tagarsa tana kallon akwati sak.

Wani tsoho ya ce shi ba ya zama ɗakin yara a rufe shi. Na-Allah ya ce, "Tashi, Malam, ko ka koyi baƙi ɗaya kafin ka mutu." Aka yi dariya, dariyar da kowa ya san ta rufin asiri ce. Na buɗe ajin, matasa suka kwashe bencina, dattawa suka shige, suka jeru a jikin taga daga ciki inda ba a ganin fuskarsu.

Ban ma kira ba. Dije ta leƙo, ta ga ƙofa fayau, sai ga mata suna kwararowa, kai a ƙasa, da sauri kamar ana korarsu. Ba a jima ba Malam Nasiru ya duba agogo ya sa ɗan sanda ya tsaya bayan ta ƙarshe. Ya roƙi maza a ba matan hayi gaba saboda hanya, aka yarda, har da wakilin nan mai tsalle. Suka gama da sauran rana, suka tafi a ayari ɗaya. Ban zauna ba sai da wani mai babur ya zo ya ce ya ga sun haura fadama.

Waɗanda suka riga suka tafi kuwa, sun tafi. Da aka zo zaɓen gwamna, tun da sassafe na kai bencina aji shida na buɗe taga, ƙofa ta wuni a buɗe. Na yi ta duba layi ban ga Hassi ba. Dije ta ce mijin ya ce fita ɗaya ta isa. Mijin Rabi kuma ya daɗe yana kauce wa unguwarmu, har Rabi ta zo tana yi mini kuka wai na kunyata shi. Na ce ta je ta ba shi haƙuri, ni ma ban ji daɗi ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Masu raba rumfa suna zaune a ofis, suna duba yawan mutane da nisan tafiya, kuma aikinsu suke yi da gaskiya. Amma ba su san wa ke jin kunyar wa ba, ba kuma za su taɓa sani ba. Wannan sanin namu ne, mu da ke share wurin. In an ce an kawo rumfa makarantarku, kada ku tsaya ga goge tebur. Ku tsaya a bakin ƙofa tun kafin kowa ya zo, ku tambayi kanku wa zai zauna a nan, wa kuma zai kasa wucewa. In kun ga layi ɗaya ya yi gajarta, kada ku jira azahar. Ku zagaya bayan katanga.