Kwali Uku Daga Bakin Teku

Ƙarfe tara da minti ashirin na safiyar wata Alhamis, mu uku ne a ɗakin ajiya na majami'ar Yahudawan da nake wa shara a birnin Greensboro: ni, da Bulus mutumin Jos mai kula da wuta da famfo, da Mama Rut, tsohuwar da ke riƙe da littattafansu. Shekarata ta biyu ke nan a aikin, kuma ranar ba ta fita daga raina ba.

Ga yadda abin ya faro. Akwai wata tsohuwar majami'a a wani birni na bakin teku, wadda 'yan kasuwar da suka sauka daga jirgin ruwa suka gina, har da kakan Mama Rut. Jikoki sun watse, masu ibada sun ƙare, aka rufe ta, aka kawo mana kayanta a mota.

Mama Rut ta raba kayan biyu. Littattafai masu ƙwari ta ce a kai ɗakin karatu. Waɗanda suka yayyage ta zuba a kwali uku, ta ce, "Malam Isa, waɗannan sun gama aikinsu. Akwai sunan Allah a ciki, kada su shiga shara." Ta wuce ofis.

Na ji daɗin maganar, don na ga abin da na sani ne. A garinmu a Nijar, takardar Alƙur'ani in ta tsufa ƙona ta muke yi don kada a taka. Na farko, na wanke wani duro na ƙarfe a bayan gini. Na biyu, na shanya shi ya bushe. Na uku, na jera littattafan kwalin farko a ciki da hannun dama.

Bulus ya leƙo. "Malam, tsire za ka gasa mana?"

"Je ka ga famfonka. Wannan aikin masu ilimi ne."

"To, mai ilimi. Ni dai ban ga komai ba."

Ba ni shan taba, don haka ba ni da ashana. Na shiga ofis na roƙa. Mama Rut ta ɗago kai ta ce, "Ashanar me?" Na yi mata bayani dalla-dalla, ina jiran yabo. Sai na ga ta dafa tebur. Ban taɓa ganin mai shekarunta ta yi sauri irin na ranar ba. Ta isa duron, ta zaro wani ƙaramin littafi marar bango ta rungume. Na addu'ar mahaifinta ne.

Na ce a raina aikina ya ƙare. Limaminsu, wanda suke kira rabai, ya zaunar da ni ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce su binne irin waɗannan littattafai suke yi a maƙabarta, kamar mutum, kuma ƙona littafi ciwo ne a tarihinsu. Sannan ya yi murmushi. "An sha ƙona mana littattafai, amma kai ne na farko da ya tashi yi don girmamawa."

Ban iya dariya ba. Na ba Mama Rut haƙuri. Ta ce, "Ni ma rabin magana na yi maka."

Ranar binnewa ita da kanta ta ce ni zan ɗauki kwalin farko zuwa bakin ramin. Na ɗauka. Bayan nan na ƙara shekara shida a wurin lafiya lau, sai dai Bulus bai daina kirana mai ilimi ba.

Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, kuna share coci da majami'a da gidajen mutane, ga roƙona. In aka ce muku abu mai tsarki ne, kada ku ce kun gane don ya yi kama da na gida. Ku tsaya ku tambaya, "Ku yaya kuke yi da shi?" Ku jira amsa kafin ku taɓa.