Ƙaton da Ke Tsoron Maganaɗisu

Noreen tana zaune a ɗakin ɗibar jini na wani asibiti a birnin Duluth, tana satar kallon ƙaton da ke gabanta. Farin gemunsa har ƙirji, tafukansa duk kanta, irin na wanda ya tsufa yana ɗaure jiragen ruwa. Shi ma sabon gwajin nan ya kawo shi, wanda ake zuba ƙwayoyin ƙarfe da ido ba ya gani cikin jinin da aka ɗiba, su manne wa alamun ciwon daji, maganaɗisu ya jawo su tun ciwon bai kankama ba.

Da alama maganaɗisun kaɗai ya ji. Yana ta sauke kaya a tebur: makullai, agogo, wuƙar aljihu, ga shi har ya kai hannu ga bel ɗin wandonsa.

"Baba, tsaya haka nan!" in ji nas tana dariya. "Jinin cikin kwalba za a ja, ba kai ba."

"Yarinya, akwai ƙarfe a ƙuguna fa."

"Bar shi inda yake."

Yana miƙa hannu yana kawar da kai, ya runtse ido gam. Noreen na ƙunshe dariya, ta tabbata matarsa ce ta taso shi gaba.

"Wa ya tilasta maka zuwa?" nas ta tambaya.

"Ba kowa," ya ce, idonsa a rufe. "Ƙanena ma haka yake tsoron allura. Bara muka binne shi."